Daga Safo zuwa maɗaba'a: Abin da ɗalibi mai zane zai iya koya a hutun damina

A Safo, garin da ke kudu da birnin Maraɗi cikin gundumar Madarunfa a Jamhuriyar Nijar, dogon hutun makaranta yana zuwa ne tare da ruwan sama. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ba a komawa sai wajen Oktoba. A tsakanin nan ne ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa, don haka yawancin 'yan makaranta da sun ajiye alƙalami sai su ɗauki hauya.

A daidai waɗannan watanni, takwarorinsu masu karatun zane a Faransa da Amurka suna shiga kamfanonin buga littattafan labari cikin zane domin horon sanin makamar aiki. Irin littattafan nan ne ake kira komik a Najeriya, 'yan makarantar Nijar kuma su ce BD. Ɗalibi kan yi wata biyu ko uku yana zaune kusa da masu tsara shafi, yana gyara rubutu, yana shirya aiki kafin a kai maɗaba'a.

Kusan kowane aji a ƙasar Hausa yana da yaro ko yarinyar da bayan littafin rubutunsu ya cika da zanen 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da jaruman fim. Masu hannu ba su yi ƙaranci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne matakin da ke biye da zanen, wato yadda za a mayar da shi shafi, a mayar da shafin littafi, littafin kuma ya kai hannun mai saye. Wannan shi ne ainihin abin da ake koyo a horon hutu, kuma shi ne ɓangaren da ya fi ƙaranci a harkar littattafan zane na Hausa.

Maganar ta ƙara nauyi a Nijar tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su wuce shekara 15 ba, kuma manyan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, tana buƙatar littattafan Hausa masu jan hankalin yaro. Dole wani ya zauna ya tsara su.

Hannu nawa ke taɓa shafi ɗaya?

Mai karatu yakan ɗauka mutum ɗaya ne ya yi komai. A manyan kamfanoni kuwa aikin rabe yake kamar aikin ɗinki, inda wani ke yanka, wani ya haɗa, wani ya yi aiki a wuya.

Marubuci ne ke fara rubuta labarin, ya faɗi abin da zai faru a kowane shafi. Daga nan mai zane ya yi ɗan ƙaramin daftari, ya raba shafin gida-gida, ya ga inda kowane mutum zai tsaya. Sai zanen fensir, sai bi da tawada, sai sa launi. Bayan haka mai rubutu ya zo ya zana kumfar magana, ya zuba kalmomin da ke fita daga bakin kowa. A ƙarshe mai tsarawa ya haɗa bango da sunan littafi da lambobin shafi, ya shirya komai yadda injin ɗab'i zai karɓa.

Ɗalibin da ya je horo ba a ba shi zanen jarumi a makon farko. Abin da akan ba shi shi ne ya goge dattin da ya fito a hoton zanen da aka ɗauka, ko ya shimfiɗa launin farko wanda ƙwararre zai zo ya yi wa inuwa, ko ya duba kuskuren rubutu, ko ya jera shafuka bi da bi. Aiki ne mai cin rai, amma a nan ne ido ke buɗewa.

A nan zai gane cewa idon mai karatun boko yana tafiya daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, saboda haka wanda ya fara magana ya kamata kumfarsa ta zo a hagu ko a sama. Zai gane cewa idan kalmomi suka yi yawa a kumfa ɗaya sai su cinye zanen. Zai kuma gane cewa abin mamaki a labari ana ɓoye shi ne a bayan shafi, yadda sai an juya takarda za a gan shi. Idan kuwa da ajami za a rubuta littafin, duk wannan tsari juyawa zai yi, a fara daga dama kamar yadda ake karanta manga na Japan.

Matsalar ƙugiya

Akwai wata matsala da ɗalibin Faransa ko Amurka ba zai taɓa cin karo da ita ba, amma ita ce ta farko da za ta tari Bahaushe: haruffa masu ƙugiya.

A al'adar komik, yawanci da manyan baƙaƙe ake rubuta magana, kuma da wani samfurin haruffa mai kama da rubutun hannu. Galibin waɗannan samfura an ƙera su ne don Ingilishi da harsunan Turai, babu Ɓ da Ɗ da Ƙ a cikinsu. Idan aka rubuta kalma mai ƙugiya, ko dai kwamfuta ta saka ɗan akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani samfurin dabam, sai ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma.

Da yawa sukan gudu daga matsalar ta hanyar cire ƙugiyar gaba ɗaya. Babba zai iya gane abin da ake nufi daga yanayin jimla. Yaron da ke koyon karatu kuwa ruɗewa zai yi, domin "kafa" dabam "ƙafa" dabam, haka "bari" da "ɓari", haka "daki" da "ɗaki".

Akwai samfuran haruffa na kyauta da ke ɗauke da ƙugiyoyin Hausa, irin su Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da jerin Noto na kamfanin Google. Andika ma an ƙera shi ne musamman don masu koyon karatu. Sai dai ba su da kamar rubutun hannu irin na komik. Saboda haka mai tsara littafin Hausa ko dai ya rubuta maganar da hannunsa, ko ya ƙera nasa samfurin da manhaja irin FontForge, wadda ita ma kyauta ce. Ɗalibin da ya ƙare hutu da cikakken samfurin haruffan komik na Hausa ya yi abin da zai amfani duk wanda zai zo bayansa.

Akwai kuma batun iyaka. Harafin da Najeriya ke rubutawa 'y, a ƙa'idar Nijar ƴ ake rubuta shi. Haka nan Hausar Maraɗi ba ta Kano ba ce. Inda Bakano zai ce "fara" da "me" da "yana", mutumin Safo zai iya cewa "hwara" da "mi" da "shina". A littafin makaranta akan daidaita wannan, amma a komik mutane magana suke yi, kuma daɗin maganar yana cikin karin harshen. Edita da mai rubutu ne za su yanke shawarar inda za a bar tsoho ya yi maganarsa ta gida da inda za a bi daidaitacciyar Hausa don ɗan Bauchi ko ɗan zangon Kumasi ya fahimta.

Daga fuskar waya zuwa takarda

Darasi na biyu yana wajen injin ɗab'i. Fuskar waya da ta kwamfuta suna haɗa launi ne da haske uku, ja da kore da shuɗi. Injin maɗaba'a kuwa tawada huɗu yake amfani da ita: wani shuɗi mai haske, wani ja mai ɗaukar ido, rawaya da baƙi. Wannan ne ya sa zanen da ya yi ƙyalli a waya yakan fito a dishe a takarda.

Abin ya fi shafar launin fata. Takarda mai arha tana shan tawada, ɗigon ya bazu, sai launi ya ƙara duhu. Idan mai tsarawa bai san da haka ba, fuskar baƙin mutum sai ta fito dunƙule, ido da baki su ɓace. Ƙananan rubutu kuma da baƙar tawada kaɗai ya kamata a buga su, domin idan aka haɗa su da launi huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, rubutun zai yi inuwa.

Akwai lissafin da ba a tsallake shi. Hoton da za a buga yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, hoton da ya bi ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi. Zanen da zai kai bakin takarda sai an ƙara masa rarar milimita 3 a kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai ko da yaushe. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya kuma dole yawan shafukansa ya rabu da 4, domin kowace takarda idan aka ninka ta shafi huɗu take bayarwa. Mai labari mai shafi 26 ko dai ya rage 2, ko ya nemo abin da zai cike 28.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sai a kamfanin komik ake koyonsa. Duk shagon da ke buga katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa da littafin rasit yana fama da su kullum.

Waɗanda suka fara da riƙe wa wani

Tarihin wannan sana'a cike yake da yaran gida. Jules Feiffer, wanda daga baya ya shahara a Amurka, ya fara ne yana matashi a ɗakin zanen Will Eisner a shekarun 1940. Joe Madureira yana ɗan sakandare ya shiga kamfanin Marvel a matsayin mai neman horo. A Japan, Eiichiro Oda ya yi wa wasu masu zane aiki, ciki har da Nobuhiro Watsuki, kafin ya fara One Piece a 1997.

Nijar ma tana da nata misali, kuma ba ƙarami ba ne. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, kanikanci ya fara koya, yana kuma yin zane. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, daga nan ya samu zuwa Kanada inda ya ga yadda Norman McLaren ke sa zane ya yi motsi. Ya fitar da La Mort de Gandji a 1965, sai Bon Voyage Sim a 1966, gajeren fim na zane da ya yi amfani da kwaɗi wajen yi wa masu mulki shaguɓe. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka ta kudu da Sahara.

Ya shafe shekaru yana jagorantar sashen fim a Jami'ar Yamai, daga baya ya zauna a Tawa yana ci gaba da aiki da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, har ya rasu a Wagadugu cikin watan Maris na 2015. A 2024 hukumomin Nijar suka sa sunansa a cibiyar al'adun da a da ake kira ta Faransa da Nijar a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Jean Rouch. Alassane bai jira an gina makarantar zane a garinsu ba, ya zauna kusa da masu yi ne, ya koya, ya koma gida da abin.

Zariya da Kano sun taɓa yi

Haɗa zane da rubutun Hausa ba sabon abu ba ne. A Zariya aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 tare da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta yi aikin yaƙi da jahilci a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Littattafan da suka fito daga Tukur-Tukur suna ɗauke da zane, kuma dattawan da suka yi firamare a wancan zamani har yau suna tuna Sauna Jac, labarin da aka ba da shi cikin hotuna.

A Zariyar ne kuma ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna neman a daina kwaikwayon Turai ido rufe. Jami'ar Ahmadu Bello har yanzu tana koyar da zane da fasahar tsara kayayyaki. Ɗalibanta, kamar sauran na Najeriya, suna fita horo ƙarƙashin shirin SIWES wanda asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973.

Daga tsakiyar shekarun 1980 Kano ta buɗe nata babin da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun nuna cewa mutum zai iya rubuta littafi, ya biya maɗaba'a, ya kai kasuwa da kansa. Masu zanen gari ne ke yin bangon, kuma littattafan sun ƙetara iyaka har Maraɗi da Damagaram. Yau da yawan marubutan sun koma WhatsApp da Wattpad, inda ake biyan kuɗi kafin a karanta ci gaban labari. A ɓangaren jarida kuma, zanen barkwancin Mustapha Bulama na Daily Trust ya nuna cewa ɗan Arewa zai iya yin suna da zane.

Legas da Abijan sun yi nisa

Kamfanonin komik na Afirka ta Yamma sun fi taruwa a bakin teku. A Legas, Wale Adenuga ya fara mujallar Ikebe Super a 1976, wadda ta haifi Papa Ajasco. Ayodele Elegba ya fara bikin Lagos Comic Con a 2012, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013. Kamfanin Kugali ya yi aiki da Disney suka fitar da Iwájú a watan Fabrairun 2024.

A Abijan akwai jaridar barkwanci ta Gbich! tun 1999. Labarin Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fito a 2005, ya ci kyauta a bikin Angoulême na Faransa a 2006. Iyayen 'yan makarantar Nijar na yau kuwa da yawansu sun tashi da mujallar Kouakou, wadda ake bugawa a Paris ana rabawa a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Akwai abin lura a nan. Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka mai kamfanin YouNeek, ya yi komik mai suna Malika wanda tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau na cikin abubuwan da suka zaburar da shi, kuma a 2021 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse na Amurka. Wato tarihin Hausa yana da kasuwa har a ƙetare, amma da Ingilishi aka sayar da shi, kuma yaron Zariya ko na Safo da Hausa kaɗai ya iya karantawa ba ya cikin masu saye.

Ina ɗan Safo zai nufa?

Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi. A can ne cibiyar horar da 'yan jarida da a da ake kira IFTIC take, da hukumar INDRAP mai shirya littattafan makaranta, da kamfanonin da ke buga littattafai cikin harsunan gida irin su Gashingo. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi kuwa ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da kiwon lafiya. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, sai dai hanyar tana da nata matsalolin. An rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma 'yan bindiga sun daɗe suna addabar ƙauyukan bakin iyaka ta ɓangarorin biyu.

Ga wanda ba zai iya tafiya mai nisa ba, horon yana iya zuwa gutsure-gutsure. Shagunan ɗab'i na cikin Maraɗi suna ɗaukar yaran shago, kuma a can ne ake koyon CorelDraw da raba launi da yankan takarda. Masu rubuta allunan shaguna da masu zanen bayan manyan motoci sun san yadda ake sa harafi ya karantu daga nesa. Masu zana aikin wuyan riga da masu zayyanar allo sun san daidaito da cike fili. Duk waɗannan malamai ne, ko da ba su taɓa buɗe komik ba.

Waya ma ta zama ɗakin zane. Manhajar ibisPaint tana aiki a wayar Android, Krita da Inkscape da Scribus kuma kyauta ne ga mai kwamfuta. Tsarin Webtoon da ya taso daga Koriya ta Kudu, inda ake jan labari daga sama zuwa ƙasa da yatsa, ya dace da masu karatun da tuni suka saba sayen labari a waya. Cikas ɗin shi ne lantarki da kuɗin data, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke samun wuta.

Sai kuma shawo kan gida. Uban da ke jiran hannun ɗansa a gona ba zai ga dalilin barinsa ya tafi birni zane a tsakiyar damina ba, kuma yana da hujja, domin abin da aka noma a waɗannan watanni shi za a ci har shekara ta zagayo. Akwai kuma iyayen da ke ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini, batun da malamai suka yi sabani a kan iyakarsa, musamman idan don koyarwa ne. Ɗalibin da ya iya tsara shafi da rubutu da shirya aiki don maɗaba'a yana da amsar da zai ba su duka biyun: sana'ar tana kawo kuɗi ko babu komik, kuma babban ɓangarenta bai shafi zana fuska ba. 'Yan mata kuwa, waɗanda ba kasafai ake barinsu zaman shago a wani gari ba, aikin launi da na rubutu suna yiwuwa daga ɗaki.

A rubuta kafin a fara

Horo ba ya rasa masu cin gumin yara. A Faransa doka ta tilasta a biya ɗalibin da horonsa ya wuce wata biyu. A ƙasar Hausa kuwa yawanci magana ce ta baki tsakanin uba da mai shago. Hakan yana tafiya lafiya a koyon ɗinki ko walda, amma zane yana da wani abu da ɗinki ba shi da shi, wato haƙƙin mallaka.

Masu wannan sana'a ba sa mance labarin Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙin Superman a kan dala 130 a 1938, suka shafe shekaru suna shari'a yayin da kamfani ke kwasar dukiya. Nijar tana da ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA, kuma tana cikin ƙungiyar OAPI da aka kafa da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Najeriya ma ta sabunta dokarta a 2023. Amma doka ba ta amfanar wanda bai ajiye shaida ba.

Kafin ɗalibi ya fara, ya kamata a san abu huɗu a rubuce: tsawon lokacin horon, abin da za a ba shi ko da na mota da abinci ne, ko sunansa zai fito a aikin, da kuma ko zai iya nuna aikin a kundinsa idan ya je neman wani. Jarumin da ya ƙirƙira tun yana gida kuma nasa ne, kada ya shige cikin kayan mai gida don kawai an zana shi a kwamfutar shago.

Labaran da ke jiran mai tsarawa

Shekaru da dama ƙungiyoyin agaji ne manyan masu ba da aikin zane da Hausa, kama daga fastar rigakafi zuwa littattafan koyon karatu irin na shirin Mu Karanta! da aka yi a Sakkwato da Bauchi da tallafin Amurka. Rushe hukumar USAID a 2025 ya nuna cewa wannan rijiya tana iya ƙafewa dare ɗaya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sun fara cin ƙananan ayyukan zane, ko da yake har yanzu sukan kasa bambance rumbun Maraɗi da bukkar wata ƙasa, su kuma dagula rubutu.

Abin da ya rage wa ɗan gida shi ne sanin gida. Yankin Maraɗi kaɗai ya isa a cika kanta da littattafai. Akwai labarin Katsinawan da suka kafa sarautar Maraɗi bayan jihadin ƙarni na 19, da ambaliyar 1945 da ta sa garin ya hau tudu. Akwai tafkin Madarunfa da kushewun waliyyai 99 da ake ziyarta a gefensa. Akwai rundunar Voulet da Chanoine da ta ratsa ƙasar Hausa da ƙone-ƙone a 1899, ta gamu da Sarauniya Mangu a Lugu, ta kuma wargaje a kusa da Tasawa. Akwai manoman da suka dawo da itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin kututture ya tofo, dabarar da ta bazu daga Maraɗi zuwa wasu ƙasashe. Akwai kokawar takobi da ke tsayar da ƙasar cak kowace shekara, da rayuwar 'yan ci-rani a Kano da Legas da Aljeriya da Libiya.

'Yan ƙasar da ke zaune a waje suna da rawar takawa a nan. Yaran da aka haifa a Jidda ko Landan ko Paris suna buƙatar abin karantawa da Hausa wanda ba zai gundure su ba, iyayensu kuma suna da abin sayen. Tsohuwar kwamfuta ko allon zane da aka aiko gida, ko kuɗin buga kwafi ɗari na farko da aka turo ta Nita ko Amana, suna iya zama jarin farko na wani ɗalibi.

Idan Oktoba ta zo aka koma aji, ɗalibin da ya raba hutunsa tsakanin gona da shagon ɗab'i ba zai dawo da takardar shaida mai tambarin babban kamfani ba. Abin da zai iya dawowa da shi shi ne ɗan littafi mai shafi 8 ko 12, an ɗinke shi da waya biyu a tsakiya, ƙugiyoyinsa sun fito daidai, fuskokin mutanen ciki suna ganuwa, sunansa kuma yana kan bango. Da irin wannan ake zuwa gaban mai kamfani a Yamai ko Kano ko Legas a nemi aiki na gaba.